Shekarar Marisuwa

Mutanenmu na da ba su lissafin shekara da lamba. In ka tambayi tsoho yaushe aka haife shi, ba zai ce maka 1914 ko 1927 ba, sai dai ya ce shekarar Kakalaba, ko shekarar 'Yar Buhu, ko kuwa shekarar da Sarki wane ya hau gado. Kowace shekara da abin da ya raɗa mata suna, galibi kuwa ba abin daɗi ba ne. A cikin irin waɗannan sunaye akwai guda da na tashi ina ji a bakin kakata a Balan, ta ƙasar Gaya, watau Marisuwa. Duk sa'ad da za ta kwatanta shekarun mahaifiyarta sai ta ce ai Marisuwa ta same ta tana yarinya, ta yi wayo amma ba ta isa aure ba.

Na daɗe ina zaton Marisuwa ma wata yunwa ce. Da na zo jami'a na jarraba sunan a kan abokan karatuna, wani ya ce sunan mace ne, wani ya ce ya yi kama da sunan aljana a wasan bori. Babu wanda ya ce ciwo ne. Alhali kuwa mura ce, murar da ta ratsa ƙasar Kano a ƙarshen shekarar 1918, farkon shekarar Hijira ta 1337, zamanin Sarkin Kano Abbas. Abin da nake so mu duba shi ne yadda ta iso mu, da kuma yadda aka yi mura, wadda kowa ke rainawa, ta iya kayar da ƙato a tsakiyar ƙarfinsa.

A shekarar 1918 ana cikin shekara ta huɗu ta Yaƙin Duniya na Ɗaya. Jiragen ruwa na kai da kawowa da sojoji da leburori da kwal tsakanin Turai da Amurka da Afirka. Tun farkon shekarar wata mura ta zaga barikokin soja, amma ba ta yi kisa sosai ba. Turawa suka laƙaba mata sunan ƙasar Sifen, ba don can ta faro ba. Ita Sifen ba ta shiga yaƙin ba, saboda haka ba a sa wa jaridunta takunkumi ba, suka yi ta buga labarin ciwon, har da kwanciyar sarkinsu Alfonso na 13, alhali ƙasashen da ke yaƙi kowacce tana ɓoye nata. Wanda ya faɗi gaskiya shi aka bar wa sunan.

Cikin watan Agusta sai murar ta sake tasowa da wata irin fuska, a tashoshin jiragen ruwa uku kusan lokaci guda: Brest ta Faransa, da Boston ta Amurka, da babban birnin Saliyo a nan Afirka ta Yamma. Ran 15 ga Agusta wani jirgin sojan ruwan Ingila mai suna Mantua ya tsaya shan kwal a Saliyo da marasa lafiya a cikinsa. Kafin mako biyu mafi yawan leburorin da ke loda kwal sun kwanta. Daga nan cutar ta bi gaɓar teku, tasha bayan tasha. Ran 14 ga Satumba wani jirgi da ya biyo ta Gwalkwas, ƙasar Gana ta yau, ya sauke fasinjoji marasa lafiya a Ikko. Sunan jirgin kuwa Bida. Hukuma ta yi ƙoƙarin killace mutane da bin gida gida ana feshi, amma wannan ya tsorata jama'a, da yawa suka gudu daga Ikko zuwa garuruwansu, suna ɗauke da abin da suke gudu a ƙirjinsu.

A nan ne jirgin ƙasa ya shigo cikin labarin. Layin dogo ya iso Kano a 1911, shekara bakwai kacal kafin annobar. Tsakanin Ikko da Kano wajen mil 700 ne. A zamanin fatake tafiyar ta fi wata guda, ita kuwa mura takan bayyana cikin kwana ɗaya zuwa huɗu bayan an ɗauke ta, kuma mai ita yakan daina yaɗa ta bayan kamar mako. Ke nan falken da ya ɗauko ta a kudu, ko ya warke ko ya mutu tun bai ƙetare Kwara ba. Ba wai cuta ba ta bin ayari ba ne, tana bi, amma da rarrafe, zango zango. Jirgi kuwa sai ya ɗauko mutum yana jin kansa garau a Ikko, ya sauke shi a Zariya ko Kano daidai lokacin da zazzaɓin ya fara. Cikin watannin Oktoba da Nuwamba ta mamaye lardunan Arewa.

To, layin dogo bai bi ta Gaya ba. Amma tun 1912 cinikin gyaɗa ya ɗaure ƙauyukanmu da birni, kuma annobar ta zo ne daidai da kaka. Lokacin ne masu jakuna ke ɗora buhuna su ƙetare kogin Wudil su nufi Kano, lokacin ne kasuwanni ke cika, 'yan koli ke yawo, ake biyan haraji, ake shirin bukukuwa. Wanda ya kwana a rumfa ɗaya da baƙi a birni, jibi yana zaure a Gaya ko Kademi ko Balan ko Ajingi, ana yi masa barka da zuwa. In ya kwanta a zo dubiya, in ya rasu a taru jana'iza, a zauna zaman makoki kafaɗa da kafaɗa. Zumuncin da muke alfahari da shi, shi ne ya zame wa cutar hanya. Kada kuma a manta shekara huɗu ke nan da fita daga yunwar 1914, wadda ta yi wa ƙasar Kano mummunar ɓarna. Gidaje da yawa ba su gama farfaɗowa ba.

Abin da kakata ta riƙe daga bakin mahaifiyarta bai da yawa, amma ya isa. Ta ce ciwon yakan fara da sara a kai da ciwon gaɓoɓi, sai zazzaɓi mai zafi, sai tari. Waɗansu su yi ta haɓo. Wanda abin zai tafi da shi sai numfashinsa ya riƙa sama sama, leɓɓansa su yi baƙi. Ta ce dawa ta nuna a gona babu mai yanka, tsuntsaye suka ci rabonsu. Likkafani ya yi wuya har aka koma naɗe mamaci a tabarma. A gidansu yayyenta maza biyu suka rasu cikin mako guda, dukansu majiya ƙarfi, amma kakansu tsoho tukuf, wanda kowa ya ɗauka shi zai fara tafiya, ya yi kwana uku yana tari ya miƙe. Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa tsohuwar kai har ta mutu.

Alƙaluman da gwamnatin Turawa ta tattara sun nuna mutum kusan 200,000 suka mutu a lardunan Arewa, fiye da 250,000 kuma a na Kudu. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta wajen rabin miliyan a Nijeriya duka, cikin jama'a miliyan 18, a ƙasa da wata shida. Watau kusan mutum ɗaya cikin kowane 36. Ni dai ina ganin lissafin Arewa ya gaza gaskiya, domin hukumar da idonta ke kan mai biyan haraji ba za ta damu da ƙidaya jinjiri ko matar kulle ba. A duniya baki ɗaya ana ƙiyasta miliyan 50, fiye da waɗanda yaƙin kansa ya ci. Yarabawa suka kira ta lukuluku. A ƙasar Ibo, in ji Ohadike, rashin hannun noman doya ya sa mutane suka rungumi rogo, wanda bai bukatar wahala kamar doya. Ashe annoba har tuwon mutane takan canja.

Kafin mu gane dalilin wannan kisa, tilas mu leƙa cikin ƙirji. Masu fassara sun ba mu kalmar garkuwar jiki, ta kuma karɓu, ba ni da ja. Sai dai garkuwa abu guda ce da ake riƙewa a hannu. Abin da Allah ya shirya a hanyar numfashi ya fi kama da tsaron birni irin na da, inda akwai sarƙaƙiya a waje, sa'an nan ganuwa, sa'an nan ƙofa da masu gadinta, can ciki kuma ga dakaru.

Baligi yakan shaƙi iska fiye da lita 10,000 a kwana guda, kuma babu shaƙar da ba ta ɗauke da ƙura da ƙwayoyin cuta. Tsaron farko shi ne hanci. Gashinsa yana tare manyan tarkace, lunguna da ke cikinsa kuma suna ɗumama iska su jiƙa ta kafin ta sauka. Sai majina, wadda muke ƙyama. Majina tarko ce, kamar danƙon kama tsuntsu, kuma tana ɗauke da sinadaran da ke narkar da waɗansu ƙwayoyin cuta. Alexander Fleming, wanda daga baya ya gano fenisilin, ya fara gano ɗaya daga cikin sinadaran nan ne a 1921, a cikin majinarsa shi kansa sa'ad da yake mura.

Daga hanci har zuwa ƙananan rassan huhu, bangon hanyar iska a shimfiɗe yake da waɗansu 'yan gasusuwa da ido ba ya gani sai da madubin likita. Suna kaɗawa fiye da sau goma a daƙiƙa guda, dare da rana, duk gefe ɗaya, suna tura majina da abin da ta kama zuwa maƙogwaro. Can sai mu haɗiye ba mu sani ba, tsamin ciki ya ƙone shi, ko kuwa mu tofar da kaki. In abu ya fi ƙarfin wannan shara sai atishawa da tari su fitar da shi da ƙarfi. Saboda haka tari shi kansa ba shi ne cutar ba, mai gadi ne ke korar ɓarawo. A gefen maƙogwaro kuma akwai ƙululai biyu da ke ɗanɗana duk abin da ya wuce, su kai rahoto ciki. Su ne ke kumbura in yaro na ciwon wuya.

Can ƙarshen hanya akwai 'yan jakunkunan iska, ɗaruruwan miliyoyi, masu bango siriri ƙwarai, inda iska ke shiga jini. Nan babu gashi babu majina mai kauri, domin za su toshe aikin. Sai aka ajiye waɗansu ƙwayoyin halitta masu yawo suna haɗiye duk baƙon da ya iso. In sun ga abin ya fi ƙarfinsu sai su yi kururuwa da sinadarai, fararen ƙwayoyin jini su yi gangami, jiki ya ɗau zafi. Zazzaɓi ke nan. A bayan fage kuma waɗansu dakarun suna nazarin kamannin baƙon suna ƙera makamin da ya dace da shi shi kaɗai. Wannan ƙira takan ci mako ɗaya zuwa biyu a karon farko. Amma in an gama ba a mantawa. Ran da baƙon ya sake dawowa, kafin ya zauna an gama da shi.

To, me Marisuwa ta yi? Ƙwayar mura, wadda ake kira bairas, ba ta iya hayayyafa da kanta. Sai ta manne wa ƙwayoyin halittar da ke bangon hanyar iska, waɗannan masu gashin, ta shige cikinsu ta mai da su maƙerarta, su yi ta ƙera irinta har su mutu su zube. Cikin 'yan kwanaki hanyar ta zama sanƙo, babu mai shara. A maƙogwaron kowane mai lafiya kuwa akwai waɗansu ƙwayoyin cuta na daban, bakteriya, da ke zaune lami lafiya domin an tsare musu hanya. Da ganuwa ta faɗi sai su gangara cikin huhu. Jakunkunan iska su cika da ruwa da mugunya, mutum ya riƙa jin suka a gefe in ya ja numfashi. Shi ne abin da Bahaushe ke kira ciwon haƙarƙari, asibiti kuma a ce nimoniya. Baƙin leɓen da tsohuwa ta gani alama ce ta jinin da ya rasa iska. A 2008 waɗansu likitoci uku a Amurka, Morens da Taubenberger da Fauci, suka sake duba ragowar huhun mutum 58 da aka adana tun lokacin annobar, tare da rahotannin binciken gawa fiye da 8,000. Suka tarar mafi yawan mamatan wannan nimoniya ta biyu ce ta ƙarasa su. Mura ta fasa ƙofa, na gida suka yi kisan. A 1918 kuwa babu maganin bakteriya ko a Landan, domin fenisilin bai shiga hannun likitoci sosai ba sai a shekarun 1940.

A ƙasarmu akwai ƙarin abin da ya taimaki cutar, shi ne ta ci karo da shigowar hunturu. Busasshiyar iskar da ke tsaga mana leɓe da kaushin ƙafa, haka take busar da cikin hanci. Majina ta yi kauri, gasusuwan nan su rage sauri. An gwada wannan a kan ɓeraye a Jami'ar Yale a 2019, aka ga waɗanda aka ajiye a busasshiyar iska sharar hanyar numfashinsu ta ragu, mura kuma ta fi yi musu illa. Sa'an nan in sanyi ya sauka kowa ya san yadda muke kwana: a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma, a hura wutar kara ko a shigo da kasko, mutum shida ko bakwai a ɗaki guda. Hayaƙi yana gurgunta masu shara, cunkoso yana kai tarin wannan hancin wancan. Saboda haka in tsoho ya ce sanyi ne ya kama wane, bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa. Sanyi ba ya haifar da ƙwayar cuta, amma yana buɗe mata ƙofa.

Saura tambayar tsohuwa: don me samari? Mura ta kullum jarirai da tsofaffi take ɗauka. Ta 1918 ta ɗauki waɗannan, ta kuma ƙara da 'yan shekara 20 zuwa 40, da mata masu ciki, a kusan ko'ina cikin duniya. Masana sun kawo bayani biyu. Na farko, cewa jikin saurayi yakan mai da martani da ƙarfin da ya wuce kima, gangamin dakaru ya yi yawa har ruwa ya cika huhu, kamar masu kashe gobara da suka rushe gidan. Na biyu ya shafi tunawar nan da muka ambata. Ana ganin tsofaffi sun taɓa gamuwa da wata mura mai kama da wannan tun suna yara, jikinsu ya riƙe kamanninta, su kuwa samari murar da suka fara sani a duniya wata iri ce dabam, makamin da suka tanada bai dace ba. Bayanan biyu ba su kore juna ba. Ko wanne aka ɗauka, sakamakon ɗaya ne a ƙauye: waɗanda suka faɗi su ne masu noma, masu ɗebo ruwa, masu daka, masu shayarwa.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin ya fi kome muhimmanci a tarihin Marisuwa. A lokacin babu asibitin da talakan Kano zai je, domin asibitin cikin birni, wanda yanzu ake kira na Murtala, sai a ƙarshen shekarun 1920 aka gina shi, balle a yi zancen Gaya. 'Yan likitocin Turawa da ke ƙasar ma yaƙi ya janye da dama daga cikinsu. Amma ko a ƙasashen da ke da likitoci, abin da aka lura shi ne jinya ta fi magani amfani. Jiki yana bukatar kwana bakwai zuwa goma ya gama ƙera makaminsa, aikin mai jinya shi ne ya riƙe ran majinyaci har ranar. Ruwan sha, ɗan kunu, mayafi, da hana shi tashi. Wanda zazzaɓi ya ɗan sake shi ya ɗauki lauje ya tafi yankan dawa don kada ta lalace, shi ne nimoniya ke tarewa a hanya. Gidan da kowa ya kwanta rana ɗaya kuwa, ƙishirwa da yunwa sukan ƙarasa wanda cutar ta bari. Kakata ta ce abin da ya ceci mahaifiyarta wata maƙwabciya ce, gwauruwa, wadda ta riga kowa kwanciya ta riga kowa tashi, ta riƙa dama kunu a babbar tukunya tana bi gida gida da ludayi. Matar ba ta san ta sami kariya daga cutar ba, amma ta samu, tun da jikinta ya riga ya san baƙon. Ba a rubuta sunan irin waɗannan mata a rahoton Razdan ba.

Magungunan da aka yi amfani da su kuwa, sai mu yi musu adalci. Surace, da shan citta da kanumfari da masoro, da zuma, da kunu mai zafi, babu wanda ke kashe bairas a cikinsu. Amma suna shigar da ruwa jiki, suna sassauta kaki, zuma kuma tana lafar da tari, wannan likitocin yau ma sun yarda. Rubutu da addu'a suna kwantar da hankalin majinyaci da mai jinya. Inda nake da magana shi ne wajen ƙaho da tsaga a haƙarƙari, domin zubar da jinin wanda numfashi ke gagara ƙara masa rauni ne. Haka kuma al'adu biyu da har yanzu ba su mutu ba a ƙauyukanmu. Ɗaya ita ce cire beli, da wanzami ke yi wa jinjiri don kada wai ya toshe masa wuya. Belin nan yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci in ana haɗiya, yanke shi bai hana tari ko ciwon wuya, sai dai ya jawo zubar jini da shigar cuta. Ta biyu ita ce matse dakashi a zubar, a ce nonon farko ba shi da kyau. Alhali a cikinsa ne uwa ke miƙa wa ɗanta makaman da jikinta ya ƙera, su shafe masa maƙogwaro da hanji kafin nasa su samu. Na san wanzamai suna da matsayi a al'adarmu, muna ma nazarinsu a aji, amma nazarin al'ada bai zama wajibi ya koma kare ta ba.

Akwai kuma wata kariya da muke da iliminta tun kafin Bature ya zo. Malamanmu sun san hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita, sun san yadda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham sa'ad da ya ji labarin annoba a can. Shekarar 1918 ta ba da hujja a kan haka a wani wuri mai nisa, tsibiran Samoa da ke tekun Fasifik. Ɓangaren yamma ya bar wani jirgi mai suna Talune ya sauke marasa lafiya a watan Nuwamba, mutum ɗaya cikin biyar na jama'ar ya mutu. Ɓangaren da ke hannun Amurka ya rufe tasharsa, bai rasa ko mutum ɗaya ba. Gaskiya ne ƙasar Kano ba tsibiri ba ce, kuma ba a rufe kasuwa da kaka a zauna lafiya. Amma dubiya da zaman makoki suna hannunmu.

Su kansu likitocin 1918 ba su san abin da suke yaƙi da shi ba. Sun ɗora laifin a kan wata bakteriya da Bajamushe Richard Pfeiffer ya gano a 1892. Sai a 1933 masana uku a Landan, Smith da Andrewes da Laidlaw, suka tabbatar bairas ce ke kawo murar ɗan Adam. Ita kanta ƙwayar 1918 an sake ganinta ne ta wata hanya mai ban mamaki. A 1997 wani tsohon likita, Johan Hultin, ya nemi izinin mutanen ƙauyen Brevig Mission a Alaska, inda annobar ta kashe manya 72 cikin kusan 80 a 'yan kwanaki, ya tona kabarinsu da ƙanƙara ta adana, ya ɗebo huhun wata mata. Da wannan da waɗansu ragowar, aka kammala karanta tsarin halittar ƙwayar a 2005. Binciken ya nuna Marisuwa ba ta tafi ba. Annobar murar 1957 da ta 1968 da ta 2009 duk suna ɗauke da gadonta, haka ma murar da ke zagayowa kowace shekara.

A 2008 aka ɗebi jinin tsofaffi 32 a Amurka, 'yan shekara 91 zuwa 101, waɗanda suke yara a lokacin annobar. Aka tarar har ranar jininsu yana ɗauke da makamin da ke kashe ƙwayar 1918, bayan shekara casa'in. Da na karanta wannan sai na tuna abokan karatuna da suka ce Marisuwa sunan mace ne. A watannin Afrilu da Mayu na 2020, sa'ad da cutar korona ta shigo, Kano ta yi ta binne dattawa, malamai da sarakuna da 'yan kasuwa. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mutuwa 979, kuma rabi ko fiye suna da alaƙa da cutar. Da yawa cikin waɗanda aka binne su ne na ƙarshe da suka ji labarin 1918 daga bakin waɗanda suka gani da ido. A lokacin kowa cewa yake ba a taɓa ganin irin wannan ba.

Allurar rigakafi ba wani abu ba ce illa koya wa jiki kamannin baƙo tun bai zo ba, don kada a jira makon nan biyu da mutanen 1918 suka mutu suna jira. Mashaƙo, ciwon da ke shimfiɗa wata fata a maƙogwaron yaro har ta toshe masa numfashi, an sami rigakafinsa tun shekarun 1920. Yana cikin allurar da ake yi wa jarirai kyauta a mako na 6 da na 10 da na 14, tare da ta tarin shiƙa. Duk da haka ya ɓarke a ƙarshen 2022, kuma zuwa watan Oktoba na 2023 an tabbatar da shi a jikin mutum fiye da 8,000 a Nijeriya, fiye da kashi 80 cikin ɗari a Jihar Kano. Mafi yawansu yara ne da ba a yi wa allurar ba, ko aka fara ba a ƙarasa ba. Da na koma Balan hutu a shekarar, na ji mata a bakin rijiya sun riga sun fara cewa wance ta haihu shekarar mashaƙo.